Me ya kai makulli gidan adana kayan tarihi?

Malam, ka tambaya me ya sa Turawa ke ajiye tsofaffin makullai cikin gilashi tare da kayan ado masu tsada, alhali makulli aikinsa tsare ƙofa ne kawai. Amsar tana jikin makullan kansu.

Dubi wanda ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, aikin wani maƙeri mai suna John Wilkes na Birmingham, wajen 1680. An ƙera shi da tagulla da ƙarfe, a fuskarsa akwai siffar mutum sanye da hula. Ramin mabuɗin yana ɓoye bayan ƙafar mutumin, sai ƙafar ta ɗaga ka gan shi. Hular kuwa, in aka karkata ta, sakata ta motsa. Abin da ya fi burge ni shi ne faifan lambobi da mutumin ke nunawa: duk buɗewa sai ya matsa lamba ɗaya. Maigida ya dawo daga tafiya, ya duba, ya san ko wani ya shiga ɗakin ajiyarsa da ba ya nan.

A Faransa ma, a zamanin da, ƙungiyar maƙeran makulli ba ta yarda almajiri ya zama ubangidan kansa sai ya ƙera makulli na gwaninta an duba. Wasu daga cikin irin waɗannan makullai na birnin Rouen, a gidan tarihin Le Secq des Tournelles, tsohuwar coci da aka cika da aikin ƙarfe. Har Sarki Luwis na 16 yana da maƙerarsa a fadar Versailles, yana haɗa makullai da hannunsa.