Hannun Birki Ya Karye: A Kai Wa Mai Walda Ko A Sayi Sabo?

Wani ɗan acaɓa daga Funtuwa ya rubuto: "Boxer ɗina ta faɗi a ƙofar masallaci, hannun birki ya karye gida biyu. Mai walda ya ce zai haɗa mini shi tsaf. In ba shi?"

Kada ka ba shi, ɗan'uwa. Hannun birki ba ƙarfen ƙofa ba ne. Alminiyam ne aka narka aka zuba, kamar yadda maƙeran tukwane ke yi, shi ya sa idan ka dubi bakin karayar za ka gan shi gari-gari da 'yan ramuka. Waldar lantarki ta bakin titi ba ta kama shi. Wadda ke kamawa ita ce ta iskar agon, kuma kuɗin aikinta ya fi na sabon hannu. Sannan alminiyam ba ya yin ja kafin ya narke. Wuta na kaiwa digiri 660 sai ya zube. Ko haɗin ya yi kyau a ido, wurin ya riga ya yi rauni, kuma ba zai nuna maka ba sai ranar da tirela ta ja birki a gabanka ka damƙe shi da iya ƙarfinka.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta ce ɗanta yana zuwa makaranta da babur, ɗan dunƙulen da ke ƙarshen hannun ya ɓalle, ita kuwa tun ranar hankalinta bai kwanta ba.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, wannan da sauƙi. An yi dunƙulen ne don kada tsini ya soki mutum idan an faɗi, wasu kamfanonin ma suna yin ɗan tsagi kusa da shi don nan ya karye sauran ya tsira. In yatsunsa uku suna samun wurin kamawa, a goge bakin da magagari ya yi sumul, zai kai shi ya dawo da shi. Amma bakanike ya duba gindin, wajen kusar da hannun ke juyawa a kai. In akwai tsaga ko da siririya kamar gashi, a canza a ranar. In ma babu, kada ya wuce mako.

Wani kuma, wanda ya ce shekararsa 9 yana tuƙi, yana tambaya ko gam da yashi za su riƙe.

Malam, shekara 9 kan babur, wannan ce tambayarka? Gam da yashi na murfin gefe ne da gidan sigina. Sabon hannu ko kuɗin cika tanki bai kai ba.

Masu tambayar wanda ya lanƙwashe kuwa: in kaɗan ne kuma ba ya taɓa roba idan an matse, a bar shi har a samu sabo. Miƙe shi da bututu ko guduma shi ke haifar da tsagar da ido ba ya gani.

To amma sayen sabon ma da magana, kuma nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ka je shagon kayan babur, mai shago ya fito da biyu ya ce ga mai kyau ga mai sauƙi, sai mutuminka ya miƙa hannu ga mai sauƙin, bayan ya gama kashe kuɗi kan fitila mai launi bakwai da oda mai kukan mota. Mai sauƙin nan sau da yawa haɗin zinki ne, ga nauyi ga gautsi, yana narkewa tun wajen digiri 400, faɗuwa ɗaya ya tarwatse kamar kasko. Kwali ba shaida ba ne. Sunan Bajaj ko Honda ko TVS kowa na iya buga shi. Tafi da karyayyen, ka jera su. Ramin kusa ya zo daidai ba lako-lako ba, gurbin da kan wayar birki ke zama ya yi sumul, kada ka ga ɓurɓushin zubi a gefe. Bayan an ɗaura, hannun ya yi wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshensa kafin ya kama, kuma ya koma da kansa in an sake shi.

Masu birkin faifai, wanda ke aiki da mai, ku naku ya fi tsanani. Hannun da bai dace ba yakan ɗan danne fistin da ke tura mai ko ba a taɓa shi ba, ya toshe ƙofar da mai ke komawa. Tafiya ta yi nisa, mai ya ɗau zafi ya kumbura, tayar gaba ta ƙame ana tsakiyar gudu. Kada bakanike ya ce maka "zai shiga, mu ɗan goge shi".

Akwai kuma masu cewa su dama ba sa taɓa birkin gaba, wai yana kayar da mutum, don haka su bar shi a karye wata da watanni. Fizgarsa ce ke kayarwa, musamman kan yashi ko a kwana. Idan ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayuwar babur daga tayar gaba take fitowa. Mai taƙama da na ƙafa kaɗai, da buhun masara biyu a baya, jan taya kawai zai yi.

Ɗan Funtuwa, idan za a ɗaura maka sabon, ka ce kada a ɗaure mazauninsa a jikin kan babur tamau. A bar shi yadda ba ya motsi a tuƙi, amma in ka buge shi da tafin hannu da ƙarfi zai ɗan juya. In Boxer ta sake faɗuwa, sai ya kauce maimakon ya karye.