Amsa ga mai neman sayen Chevelle ta 1969

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka ga Chevrolet Chevelle ta 1969 a jihar Ohayo ta Amurka, mai ita ya ce SS 396 ce, wato samfurin Super Sport mai babban injin da ake kira 396, kana tambaya ko ka saya, kuma in ka saya ka mayar da ita yadda ta fito ko ka sabunta mata kaya. Na daɗe ina harkar waɗannan motoci, ga abin da na gani.

Fara da ƙarƙashinta kafin ka buɗe bonet. Ohayo da Mishigan gishiri ake zuba wa tituna lokacin dusar ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ke cinye ƙarfe. Shi ya sa motar Arizona ko Kalifoniya ta fi tsada, kuma ta cancanci tsadar. Ka ɗaga kafet ɗin but, ka duba gindin gilashin baya, nan ruwa ke kwanciya a Chevelle. Ka shiga ƙasa da tocila ka ƙwanƙwasa shasi, musamman inda bodi ke zama a kansa. Ka tafi da mayen ƙarfe ka bi bayan tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, fila, wato ƙullin cike ramin bodi, aka cika aka shafe da fenti. Inji ana sake shi cikin sati, amma aikin walda da fenti shi ke cinye kuɗi da shekaru, shi ne kuma ke sa mutane su watsar da mota a gareji rabi da rabi.

Sai maganar SS ɗin. Daga 1966 zuwa 1968 lambar motar SS 396 ta masana'anta (VIN) da 138 take farawa, ba gardama. A 1969 kamfanin ya mayar da SS ƙarin kaya da ake zaɓa a kan Chevelle, don haka lambar ba ta tabbatar da cewa SS ce, kuma tambarin SS kowa na iya saya ya manna. Ka ƙirga kusoshin murfin aksul na baya, ya kamata su zama 12. Ka duba lambar da aka buga a gaban injin ko ta dace da ƙarshen lambar motar. Mafi ƙarfin shaida ita ce takardar haɗa motar daga masana'anta, wadda a kan samu a ƙarƙashin kujera ko saman tankin mai. In babu wannan, ka biya kuɗin Malibu kawai, wato Chevelle ta yau da kullum, ko mai ita ya rantse.

In ta tabbata ta asali ce, don Allah kada ka yanke mata komai. Injin 396 mai ƙarfin doki 325, 350 ko 375 ya isa kowa. Abin da nake canzawa shi ne wanda ake iya mayarwa: tayoyin zamani, lagireto mai kyau, da sababbin tiyon fetur, domin fetur ɗin Amurka na yanzu akwai sinadarin itanol a ciki, yana cin tsohuwar roba da kayan kafireta. Bakin mai kuma ka nemi mai sinadarin zinki da yawa, in ba haka ba kamshaf ɗin tsofaffin injunan nan, wato sandar da ke buɗe bawul, kan lalace. Duk abin da ka cire ka adana a kwali, mai saye na gaba zai tambaya.

In kuwa Malibu ce aka yi wa ado, sabunta ta yadda ranka ke so, ka sa mata giya mai biyar ka more ta a babbar hanya. Ka turo mana hoton shasin da na lambar injin kafin ka ba da kafin alƙalami.