Ina rap ni kaɗai a Jos, amma ana cewa ina kwaikwayo

Tambaya: Salam yaya. Ni matashi ne daga Angwan Rogo, shekara biyu kenan ina waƙar gambara ta zamani, ba ni da kamfani, ni ke biyan kuɗin situdiyo. Duk wanda ya ji waƙata sai ya ce kamar wane nake yi. Wa ya kamata in riƙa saurare, kuma ta yaya zan riƙa haɗa waƙa ta zama tawa?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena. Toh kar wannan magana ta karya maka gwiwa, babu mawaƙin da bai fara da bin sawun wani ba. Ni a situdiyo yaro na buɗe baki nake gane wanda ya kwana yana ji. Damuwar ita ce mutum ya ɗauko muryar wani da lafazinsa ya bar abin da ya sa wancan ya yi fice.

Ka duba garin nan namu. M.I da ƙaninsa Jesse Jagz da Ice Prince duk a Jos suka taso, kuma lokacin da M.I ya fitar da kundinsa na farko a 2008 ƙarƙashin kamfanin waƙa na Chocolate City kowa ya san ya sha rap ɗin Amurka ya ƙoshi, amma zancen Najeriya ne a bakinsa. Su ClassiQ da BOC Madaki daga Bauchi, da DJ AB daga Kaduna, sun nuna Hausa na hawa bit, wato kiɗan da ake rap a kai, ta zauna daram. Ka saurare su, amma da biro a hannu, ka ga inda suke numfashi da inda suke ajiye amsa-amo.

Wanda nake so ka fi ba lokaci shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa. Mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, amma ya ɗauki karen mota, wanda ba mai kallonsa sau biyu a tasha, ya yi masa waƙar da har yau ana ji. Wallahi abin na ci min rai in ga yaro ya taso tsakanin Bauchi Road da Terminus, kullum yana wuce masu dako a Farin Gada da asuba cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, amma ya shigo yana min baiti kan motoci da daloli da bai taɓa riƙewa ba. Idon Ɗan Maraya za ka aro, kuntigin ka bar masa.

Sai maganar harshe, nan ne yawanci ake faɗuwa. Hausa tana da karin sauti da dogon wasali da gajere. Gari da ake zama a ciki daban, garin tuwo daban, jan wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kukar miya kuma hawa da saukar murya ne. In ka ɗauko salon wani Ba'amurke ka cusa kalmomin Hausa a ciki dole sai ka murɗe su, ka ja inda ba a ja, shi ya sa mai sauraro ke jin kamar ba kai ba ne. Kafin ka hau kiɗa ka faɗi layin da baki kamar kana hira da abokinka a majalisa, in bai daɗi a haka ba toh ko a kan bit ma ba zai yi ba. Kuma kar ka ji kunyar Hausar Jos da ɗan burokan da muke sirkawa, ba sai ka koma Bakano ba.

Yadda nake sa yarana su yi: duk abin da ka ji a keke ko wajen mai shayi ya tsaya maka a rai, ka ɗauka a waya nan take. In ka samu bit ka fara gunguni a kai ba kalmomi, har sai ka ji inda muryarka ta zauna, sannan ka zuba kalma. Baiti yawanci layi 16 ne, kowane layi bugu 4. Ka fara da kiɗa mai tafiya a hankali, wajen bugu 90 a minti, don kalmominka su fita sarai. In ka gama ka bar shi ya kwana biyu, ka dawo ka yanke duk layin da wani ma zai iya faɗa.

Tunda kai ke biyan kuɗin situdiyo, ka haddace komai tun daga gida kar ka je kana rubutu agogo na cin kuɗinka. Bit ɗin kyauta na YouTube kuma ka karanta sharaɗinsa, da yawa ba a yarda ka ci kuɗi da su ba, ana iya sauke maka waƙa bayan ta fara tafiya. Gara ka zauna da furodusa ku rubuta wa ke da me a takarda ku sa hannu, kafin ka ɗora waƙar a manhajar sauraron waƙoƙi ta Audiomack.