Tambayi Goggo: Ɗan gidan sarauta ke nemana, amma an ce matan gidansu ba sa kwanan asibiti

Assalamu alaikum Goggo. Shekaruna 24, na gama karatun ungozoma bara, yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Gombe. Wani ɗan gidan sarauta ke nemana da aure. Mahaifinsa hakimi ne, shi ma an naɗa masa rawani. Mutum ne mai kirki, ya yi karatu a waje, ya kuma ce ba zai hana ni aiki ba. Sai dai ranar da yayyensa mata suka zo ganina, babbar ta ce da ni tana dariya, "Malama nas, ki fara sallama da allura, matan gidanmu ba sa kwanan asibiti." Da na faɗa masa sai ya ce in rabu da ita, tsokana ce. A gidanmu kowa murna yake, Umma ta ce arziki ne ya yi kira. Ƙawata kuma ta turo mini bidiyon gimbiyar Dubai da ta gudu a jirgin ruwa, ta ce ga makomata nan. Goggo, labarin nan gaskiya ne? Tsare matan sarakuna addini ne ko al'ada? Kuma in amince?

Ɗiyarki, daga Gombe.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi wa aikinki albarka, ya sa duk jaririn da ya faɗo hannunki ya faɗo a sa'a.

Labarin gaskiya ne, har kotu ta zauna a kansa. Sunanta Latifa, 'yar Sarkin Dubai Muhammad bin Rashid Al Maktum. A Fabrairun 2018 ta sulale zuwa Oman tare da wata ƙawarta 'yar Finland, suka shiga jirgin ruwa, bayan kwana takwas aka tare su daf da gaɓar Indiya aka mayar da ita gida. A bidiyon da ta naɗa kafin ta fita, ta ce ko fasfonta ba ya hannunta. Yayarta Shamsa ta riga ta gwada nata gudun a Ingila a 2000, aka ɗauke ta a kan titi a garin Kambirij. Sai kuma matar sarkin, Gimbiya Haya, 'yar marigayi Sarki Husaini na Jodan, wadda ta yi karatu a Oxford, ta kuma hau doki a gasar Olamfik, ita ma ta kwashi 'ya'yanta biyu ta tsere Landan a 2019. A hukuncin da babbar kotun Ingila ta fitar a Maris 2020, alƙali ya ce ya gamsu cewa sarkin ne ya sa aka kamo 'ya'yan nasa biyu. Sarkin ya ce ɓangare ɗaya aka ji. A ƙarshen 2021 kotun ta umarce shi ya biya Haya da yaran kuɗin da ya haura fam miliyan 500, mafi yawa don tsaron lafiyarsu. Latifa kuwa daga baya an ga hotunanta a waje, kuma shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wancan lokacin ta gana da ita a Faris, ta ce Latifa ta shaida mata tana lafiya, tana so a bar ta ta huta da surutu.

To amma ki gaya wa ƙawarki ta rage gishiri. Hakimin ƙasar Gombe ba shi da sojan ruwa. Abin da zan so ki ɗauka daga wancan labari ƙarami ne: matan nan ba su rasa zinare ba, ba su rasa jirgin sama ba, abin da suka rasa shi ne ikon cewa yau zan fita.

Kan ko addini ne, ki dubi Saudiyya. Ranar 23 ga Yunin 2018 mace ba ta da damar tuƙa mota a Riyad, washegari 24 ga wata ta samu. Ba wata aya da ta sauka a daren, sarki ne ya sa hannu a takarda. A 2019 aka ba macen da ta kai shekara 21 damar yin fasfo ta yi tafiya ba tare da izinin waliyyi ba. A shekarar ce aka naɗa Gimbiya Rima bint Bandar jakadiyar ƙasar a Amurka, a shekarar ce kuma aka tsare Gimbiya Basma, 'yar marigayi Sarki Sa'ud, a kurkuku ba tare da an gurfanar da ita ba, sai Janairun 2022 aka sake ta. Gida ɗaya, jini ɗaya. A gidan mulki sararin da mace take samu kyauta ce daga mai iko, kuma wanda ya ba da yana iya karɓewa.

Addini ya yi maganar zaman mace a ɗakinta, ayar tana cikin Suratul Ahzab, kuma malamanmu sun ce mace ta nemi izinin miji kafin ta fita. Ban zo in goge wannan ba. Amma a Bukhari akwai hadisin da aka yi wa matan Annabi (SAW) kansu izinin fita don buƙatunsu, akwai kuma wanda ya hana a tare mata daga masallaci. Abin da ya ƙaru a kan wannan, irin su matar sarki ba a ganin fuskarta, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zama ƙarƙashin wani shugaba a ofis, martaba ce ake karewa. Gidan sarauta yana auna girmansa da nisan da ke tsakanin titi da ɗakin matansa. Kuma ki tuna tutar da Buba Yero ya kafa Gombe da ita, da wadda Malam Yakubu ya kafa Bauchi da ita, daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka fito, mutumin da ya caccaki malaman zamaninsa a Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar karantar da mata ta 'Yan Taru, tana naɗa wa jagororinta mata da ake kira jaji malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, har ta rasu a 1864. Duk ƙasar nan ba gimbiyar da ta fi ta asali.

Ni kuwa abin da na sani game da gidan sarauta ba a waya na gani ba. Yayar mahaifiyata, da muke kira Dada, ta yi shekara 31 a gidan wani hakimi a ƙasar Bauchi, kuma a wurinta nake hutun makaranta. Zaure uku ake wucewa kafin a kai sashenta. Ba zan yi miki ƙarya in ce tana cikin wahala ba. Kuyangi ke mata daka da wanki, atamfar da ba ta shigo Kasuwar Wunti ba tana cikin adakarta, ta je Makka sau biyu. Ga ta da neman na kanta: tana sa a matse man gyaɗa a toya ƙuli-ƙuli, yara su fita da shi, tana riƙe da adashin matan unguwa, ta tara shanu a hannun wani Bafulatani. Shanun nan ta san kowace da launinta, ta san wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari, amma har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa su a ido ba. Jakadiya ke kawo mata labarinsu daga zaure. In za a fita gaisuwar mutuwa ko barka, sai bayan isha'i, a motar da aka sa wa labule, ni ina gefe ina ɗaga labulen tana buge mini hannu.

Ranar da kakarmu, mahaifiyar Dada, ta kwanta ciwon ajali, saƙo ya iso da hantsi. Maigidan yana rangadi. Aka kai magana wurin mahaifiyarsa, ta ce ba a taɓa yi ba matar gidan ta fita da rana maigida ba ya nan, a jira. Ya dawo da magariba, ya ji, ya yi faɗa sosai, da kansa ya sa aka fito da mota. Muka isa an dawo daga maƙabarta. Dada ba ta taɓa zagin mijinta a kan wannan ba, don ba shi ya hana ba, kuma mutumin kirki ne kamar yadda kika ce naki yake. Abin da ya sa na ba ki labarin ke nan. A irin wannan gida miji ba shi kaɗai ke riƙe da ƙofa ba. Akwai uwa, akwai gwaggwanni, akwai yayye, akwai fadawan da za su ce ranka ya daɗe ana magana a gari, akwai kuma burinsa na gadon kujerar mahaifinsa, wanda zai sa ya guji duk abin da masu zaɓe za su kira zubar da girma.

Zamani ya sauya, ban musa ba. Yau akwai 'ya'yan sarakuna likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Sai dai na lura da wani abu, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri: gidaje da yawa sun saki 'ya'yansu mata, amma ba su saki matan 'ya'yansu ba. Gimbiya tana Ingila tana digiri na biyu, matar ƙaninta tana ɗaka da nata digirin a ƙasan akwati. Saboda haka kada ki ƙirga 'yan'uwansa mata da ke aiki. Ki ƙirga matan yayyensa da na baffanninsa. Su nawa ne ke fita da safe su dawo da yamma? Akwai wadda ta taɓa kwana a wurin aiki? Naki aikin ma ya fi na ofis wuyar haɗiya, don naƙuda ba ta san dare ba, kuma za ki yi aiki da likitoci maza. Maganar yayarsa ba tsokana ba ce. Saƙo ne aka ba ta, ta naɗe shi da dariya don kada ya yi ɗaci.

Ki kuma tambaye shi inda za ki tare. Sashe a cikin babban gida daban, gidansa na kansa a wata unguwa daban, ko da kuwa tafiyar minti goma ce tsakaninsu.

Alƙawarin zance a ƙofar gida ba ya tsayawa a gaban surukuwa. Tun ran gini tun ran zane. Ki samu Abbanki, ko baffan da zai miki walicci, ki ce kina so maganar aikin ta shiga bakin manya ranar da za a sa rana, a kuma rubuta. Annabi (SAW) ya ce sharuɗɗan da suka fi cancantar a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu, hadisin yana Bukhari da Muslim. Amma ki san wani abu da 'yan mata da yawa ba su sani ba: a mazhabarmu ta Malikiyya irin wannan sharaɗi an so miji ya cika, sai dai alƙali ba zai tilasta shi ba, sai in an ɗaure shi da wani abu, misali a rubuta cewa in ya saɓa, zaɓin zama ko rabuwa yana hannunki. Waliyyinki ya zauna da malamin da ya san fiƙihu su tsara lafazin. Za a ce kin cika tsaurin ido, wa ya taɓa gindaya wa gidan sarauta sharaɗi. A faɗa. Yadda suka karɓi maganar ma amsa ce. Takardun makarantarki da lasisin aikinki kuma ki bar su a ɗakin Umma, asusun albashinki ya zauna da sunanki ke kaɗai.

Ban ce ki ƙi shi ba. Akwai matan da zaman ɗaka ya yi musu daidai, suna jin daɗinsa, ba kuma wanda ya isa ya raina su. In kin auna kin ga za ki iya ajiye allurar da zuciya ɗaya, ki shiga da bismilla. Abin da ba na so shi ne ki shiga da zaton za ki canja gidan da ya girmi kakanki. Umma kuma ki bi ta a hankali, ba kwaɗayi ba ne, kowace uwa tana son ta ga 'yarta a inuwa. Ki karanta mata labarin Dada, ki tsaya a wurin da muka isa an dawo daga maƙabarta.

Kafin a kawo lefe, ki nemi a kai ki gaida mahaifiyarsa. Ki durƙusa, ki gaishe ta yadda ya kamata, in ta tambaye ki aiki ki ce alhamdu lillahi, jiya ma kwana kika yi, kun karɓi haihuwa uku. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Ki rubuto mini abin da ta ce, da wanda ta kalla kafin ta ce.

Goggonku, daga Bauchi.