Fatawa: Karatun Yara a Masallaci, da Gina Ajujuwa da Kuɗin Masallaci ko Zakka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina cikin kwamitin wani masallaci. Muna da karatun yara da darasin mata, duk a cikin masallacin ake yi. Wasu dattawa sun ce masallaci na salla ne kawai, a fitar da yaran. Mu kuma muna son gina ajujuwa a filin da ke gefe, da kuɗin da ke asusun masallaci haɗe da zakkar da wasu ke kawo mana. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka muku da alheri, ɗan'uwa, da kuka tambaya kafin ku sa hannu a dukiyar da ba taku ba.

Maganar cewa masallaci na salla ne kaɗai ba ta dace da abin da aka sani na masallacin Manzon Allah (SAW) ba. A ciki Ahlus Suffa suka zauna, talakawan sahabbai masu neman ilimi, cikinsu har da Abu Huraira. A ciki aka kafa wa Sa'adu bin Mu'azu tanti ana jinyarsa bayan raunin da ya samu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira. Da dukiyar Bahrain ta iso, a masallaci aka zube ta aka raba. Da Ka'abu bin Malik da Ibn Abi Hadrad suka ɗaga murya kan bashi, a nan Annabi (SAW) ya sulhunta su, ya ce wa Ka'abu ya yafe rabi. Saboda haka koyarwa da sulhu da taimakon mabuƙata duk aikin masallaci ne tun asali.

Amma kada ku raina maganar dattawan, domin tana da tushe a fiƙihu. An tambayi Imam Malik kan koyar da yara a masallaci, bai yarda ba, dalilinsa kuwa shi ne yara ba sa kiyaye najasa. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa koyar da yaro cikin abubuwan da aka karhanta a masallaci, tare da saye da sayarwa, cigiyar abin da ya ɓace, da ɗaga murya ko da da ilimi ne. Illar, wato dalilin hanin, a bayyane take: ƙazanta da hayaniya, ba ilimin kansa ba. Hadisin da ake yawan kawowa, wai a nisantar da yara daga masallatai, mai rauni ne, ba ya iya ture abin da ya inganta cewa Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama.

Don haka hukuncin yana bin illar. Yaron da ya kai hankali, yana tsarki da kansa, yana jin tsawatarwa, wanda galibi daga shekara 7 ne, babu laifi ya yi karatu a masallaci. Ƙananan da fitsari ke iya kufce musu, a ba su rumfa a waje. A shimfiɗa wa ɗalibai tabarmi nasu na dabam, a naɗe bayan an tashi. A tsayar da karatu kamar minti 15 kafin kiran salla, a share wurin, domin mai zuwa nafila ya fi ɗalibi haƙƙi a wannan lokaci. Abin da ke ɓata irin wannan tsari kusan ko'ina shi ne a tara yara da yawa a hannun malami ɗaya, sai hadda ta koma ihu, takalma su cika ƙofa, wurin alwala ya jagwalgwale. Daga nan masallata ke fara ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Kuɗin makaranta kuma a karɓe shi a waje. Karɓar lada kan koyar da Alƙur'ani halal ne, amma ƙirga kuɗi da ba da canji a cikin masallaci ya yi kama da cinikin da aka hana.

Gina ajujuwa a gefe shi ne mafita mafi kyau, kuma yana da magabaci. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya keɓe wani fili a gefen masallaci, ana kiransa Buɗaiha, ya ce duk mai son hayaniya ko rera waƙa ko ɗaga murya ya fita can. Ajin, tunda ba masallaci ba ne, zai kuma warware matsalar mata, domin jumhurin malamai ba su halatta wa mai haila zama a masallaci ba, alhali a aji za ta ci gaba da darasinta ba tare da yankewa ba. Sai dai ku fara tabbatar da matsayin filin. Idan mai shi ya bayar ne a matsayin masallaci, ana kuma salla a kansa idan sahu ya fita, to hukuncinsa hukuncin masallaci ne, kwamiti ba shi da ikon mayar da shi aji. Idan kuwa ya bayar don amfanin masallaci gaba ɗaya, ya halatta. Ku duba takardar waƙafi, wato takardar da aka sadaukar da filin da ita. In babu, ku nemi wanda ya bayar ko shaidunsa, ku rubuta, ku kuma sa alama bayyananna inda masallaci ya ƙare.

Maganar kuɗi ita ce mafi nauyi a tambayarku. Ƙa'idar malamai ita ce sharaɗin mai waƙafi abin bi ne. Wanda ya jefa kuɗi a akwatin da aka rubuta masa "masallaci", niyyarsa gini da rufi da shimfiɗa da ruwa da wuta. Ku wakilai ne, wakili kuwa ba ya wuce abin da aka wakilta shi a kai. Kuɗin zai iya shiga ginin aji ne ta hanya biyu kawai: ko dai jama'a sun daɗe da sanin cewa akwatin na masallaci da makarantarsa ne, sai al'ada ta zama kamar sharaɗi, ko kuma wanda ya ba da wani kaso sananne ya bayyana cewa niyyarsa ta haɗa da makaranta. Rarar da ta wuce buƙatar masallaci, wasu malamai, cikinsu har da Ibn Taimiyya, sun halatta kai ta wani masallaci ko wata maslaha ta Musulmi. Amma ba a kiran kuɗi rara alhali rufi na yoyo, ko ba a biya liman da ladan haƙƙinsu ba.

Zakka kuwa, Allah ya iyakance masu cinta gida takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Mazhabobi huɗu ba su sa gina masallaci ko makaranta cikin "fi sabilillah", ɗaya daga cikin gidajen takwas ɗin, ba. Wasu malaman wannan zamani sun faɗaɗa ma'anar ta shafi da'awa, amma abin da nake ba da fatawa da shi shi ne kada ku sayi bulo ko siminti da zakka, domin kuna jefa farillar mutum cikin shakka alhali ƙofar sadaka a buɗe take. Inda zakka ke shiga ba tare da saɓani ba shi ne hannun talaka: a mallaka wa mahaifin ɗalibi matalauci ko waliyyin maraya mabuƙaci, shi ya biya kuɗin karatu da kansa. Malamin da yake matalauci a ba shi don talaucinsa, kada a lissafa ta a madadin albashinsa.

Tun daga wannan Juma'a ku raba asusu gida uku, na masallaci, na makaranta, na zakka, kowanne da akwatinsa da littafinsa. Kada a fitar da komai sai da sa hannun mutum biyu, a kuma riƙa karanta wa jama'a lissafi duk wata. Zakkar da kuka riga kuka karɓa ku hanzarta isar da ita ga masu ita, domin ba a jinkirta ta don jiran gini. In an taɓa kashe wani abu daga cikinta a gini, a mayar da madadinsa daga sadakar da za a tara don makaranta.

Wallahu a'alam.