Kafin ka sayi sabon demare, a leƙa haƙoran bolan

Malam, na ga tambayarka: tsohuwar Corolla, in ka murza makulli sai ta yi ƙarar gurzar ƙarfe, ba ta tashi sai an sake murzawa, makanike kuma ya ce a sayi sabon demare, wato na'urar da ke juya inji ya tashi in an murza makulli. Ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Na daɗe ina fama da tsofaffin motoci tsakanin Damagaram da Magariya, na kuma sha ganin an canza demare, ba a yi sati ba ƙarar ta dawo.

A bakin demare akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ake kira bendis. Shi ke zabura gaba ya shiga haƙoran da ke kewaye da bolan, babban faifan ƙarfen nan da ke tsakanin inji da buwat, wato akwatin giya. In demare ya fara juyawa bendis bai gama shigewa ba, sai ya riƙa kartar bakin haƙoran. Ƙarar da kake ji ke nan, kuma duk murzawa ɗaya ƙarfe take ci.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 a na'urar awo, in kuma ya sauka ƙasa da 10 lokacin da ake murza makulli, ya gaji. Zafinmu na Afrilu da Mayu ba ya raga wa batir. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a duba wayar da ta tafi jikin mota. Sannan a sa hannu a girgiza demaren, domin gargadar hanya tana kwance ƙusoshinsa, ya karkace kaɗan.

In duk wannan lafiya, ga gwajin da na fi yarda da shi. Da zarar ta yi ƙarar, saki makulli, sa ta a giya ta huɗu, a ɗan tura ta gaba har injin ya motsa, ka cire giya ka sake murzawa. In ta tashi lafiya lau, to ka zargi bolan. Inji mai silinda huɗu kusan a wuri biyu yake tsayawa duk lokacin da aka kashe shi, don haka haƙoran wuraren nan ne suke shan duka shekara da shekaru, sauran kuwa suna nan kamar sababbi. A cire kan batir na baƙar waya, a sauke demare, a haska tocila ta ramin, yaron gareji yana juya injin a hankali. Za ka ga inda haƙora suka guntule suna ƙyalli, wani lokaci har da garin ƙarfe a ƙasa. Sabon demare ba zai gyara wannan ba, sai ma ya lalace shi ma. Dole a sauke buwat a canza zoben haƙoran, kuma tunda an buɗe, a duba kuloci gaba ɗaya.

In haƙoran bolan ƙalau suke, ka huta. Yawanci ƙurar hunturu ce ta haɗu da giris ta daskare a kan sandar da bendis ke zamewa. Wasu makanikai, Allah ya shirye su, sai su ƙara cusa giris. A wanke da fetur, a ɗiga mai mara kauri kaɗan, a canza zoben tagullan da sandar ke juyawa a ciki in ya yi lako-lako.

In ta kama sai an sayi wani demaren, ko a nan gari ko an aika Ƙofar Ruwa a Kano, inda kik suke kiransa, tafi da tsohon a hannu a ƙirga haƙoran bendis. Mai 9 da mai 11 suna iya yin kama a ido. Kafin ka samu zuwa gareji, ka riƙa ajiye ta inda za a iya tura ta.