Atayar masu dubiya da allurar Babanku

Hadiza 'yata, na ga saƙonki. Kin ce abokan Babanku na majalisar Tudun Wada kullum bayan isha'i sai sun zo da butar ataya, har wani ya kawo kwalbar ƙwayoyin koren shayi wai suna kashe ciwon daji. Kina tambaya ko ya dace yarinya ta ƙi abin da dattijo ya kawo wa majinyaci.

Abin da muka gada shi ne ba a zuwa dubiya hannu rabbana, ba a kuma mayar da hannun kyauta baya. Amma karɓa daban, sha daban. Tun muna yara a cikin birni, in aka kawo wa mara lafiya abin da aka hana shi, uwargida takan sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ta miƙa wa masu jinya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan raini. Ita ma atayar wajen Buzaye muka koya, ganyen kuma na koren shayi ne, daga Sin yake zuwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne sunan allurar da kika rubuto, bortezomib, wadda ake yi masa a asibitin Shika saboda ciwon dajin ɓargo. A 2009 masu bincike a Amurka sun gwada a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye, suka ga wani sinadari na koren shayi, EGCG, yana manne wa wannan maganin ya hana shi aiki. Bawan Allah ya sha zafin allura, ke kin san yadda aka haɗa kuɗinta, sannan a zo ana ɗura masa ataya mai kauri zagaye uku? Raina bai kwanta ba. Ƙwayoyin nan kuwa sun fi shayin ƙarfi nesa ba kusa ba, in suka yi yawa suna taɓa hanta, ga hantarsa tana fama da magunguna tun farko. Baurin ganyen ma yana hana maganin ƙarin jini shiga jiki yadda ya kamata.

Ki ɓoye kwalbar, ki kai wa likitansa ranar da za ku koma, ki kuma tambaye shi abin da Babanku zai iya kurɓa in baƙi sun zo, don kada a bar shi yana kallonsu hannu wayam. Kada ki yi wa dattawan magana da kanki. Ranar Juma'a in an sauko zan biyo, tsarana ne, daga bakina za ta fi shiga. Ki gaishe da Innarku.